Tafiyar Awa Uku Zuwa Tsallaken Gidanmu

Zuwa ga Lamduan, sanyin idona, inuwar mangwarona a watan zafi, ruwan cikowa da ke ɗaga jirgina daga laka! Zuwa ga macen da muryarta ke tsallake rafi ba ta nemi kwalekwale ba, wadda in ta yi dariya tarwaɗa ke tasowa saman ruwa, in ta yi fushi guza ke neman rami. Gaisuwa daga mijinki Sanit, wanda ke zaune a ɗaki mai lamba bakwai, cikin farar rigar wanka da ba tasa ba, yana hangen rufin gidanki. Tuƙi goma na filafili ne tsakanina da ke, amma tun jiya nake ji kamar an kai ni bayan duniya an manta da ni.

Iya Riam mai taliya ce za ta kawo miki wannan takarda, a ƙarƙashin murfin tukunya, don kada baƙi su gani. Ina roƙonki kada ki jefa ta ruwa sai kin kai ƙarshe. Takardar otal ce, kauri gare ta, ba za ta nutse da wuri ba, kuma kin san mutanen da ke barandar nan ba abin da ke wucewa a kan ruwa ba su ɗauke shi hoto ba.

Na rantse da ƙyallayen da ke ɗaure a goshin jirgina, Lamduan, ban sani ba! Ban san nan za a kawo mu ba. Kin fi kowa sanin shekara talatin ke nan ina tsinkar tauraro a bikin haikalinmu. Kowace shekara a miƙo mini gora, in ɗaga kai in zaɓi ƙullin takarda a reshen bishiya kamar mai zaɓen mata, in tsinko, in dawo miki da bokitin roba ko hannu rabbana. Bokiti goma sha ɗaya na kawo gidan nan, da fanka ɗaya wadda ba ta juyawa sai an tura ta da yatsa. Bana da aka kwance ƙullina aka karanta a lasifika cewa na ci kwana biyu a otal na alfarma, ni da iyalina, sai da na zauna a ƙasa. Sunan otal ɗin dogo ne, rabi da harshenmu rabi da na Turawa, a ƙarƙashinsa an rubuta titi kaza, lungu kaza, lamba kaza. To ni me ya haɗa ni da titi? Ki tambaye ni kowane gida a yankinmu na Thonburi ta fuskar ruwa, in faɗa miki launin matakalarsa, da sunan karen da ke haushi a kanta, da wanda ya mutu a cikinsa shekarar babbar ambaliya. Amma ta baya? Wa ke gane maƙwabcinsa ta ƙeya?

Kuma ba ni kaɗai ba ne jahilin, ki yi mini adalci. Duk rafin nan na zaga da takardar. Mai gas ya juya ta ya ce bai taɓa jin wurin ba. Iya Riam ta ajiye ludayi ta ce, “Suna mai tsawo haka, ai sai bakin teku. Ku taho mini da busasshen jatan lande.” Ke da kanki kika riƙe ta da hannu biyu kika ce ƙamshin nesa take yi. Dukkanmu mutanen ruwa ne, kuma babu wanda ya taɓa zagayawa ya ga abin da aka rubuta a ƙofar gidan da muke kira gidan ’yan kallo.

Wayyo, shirin da kika yi! Kin ɗinka sabuwar jaka. Kin sayi rigar sanyi, don kin ji an ce wurare masu nisa sanyi gare su. Kin soya kifi, kin ƙulla shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba saboda hanya. Kin bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya kina sallama kina neman gafara, limamin haikali ya ɗaura mana farin zare a wuyan hannu don a je lafiya a dawo lafiya. Jiya Juma’a da safe muka kulle gida, muka bi katakon baya ta cikin haikali, muka fito babban titi kamar kaji biyu da aka saki a kasuwa, muka tsayar da tasi.

Awa uku, hasken raina. Awa uku cur! Direban ya ce titin hanya ɗaya ce, sai an zagaya. Wata mata a cikin wayarsa tana ta ba shi umarni, yana bi ba musu, ya haye babbar gada da mu, ya shiga cunkoso, ya sake hayowa ta wata gadar. Ni kuwa kin ga abin da ya same ni. Mutumin da ya yi shekara arba’in a kan ruwa bai taɓa jin jiri ba, sau biyu aka tsaya mini a gefen titi in yi amai, har direban ya ce, “Baba, ka taɓa shiga mota kuwa?” Amma ke ko a jikinki. Kin manna goshi a gilashi, idanunki suna ƙyalli kamar na yarinya ranar sabuwar shekara, kina taɓa ni kina cewa, “Yaya Sanit, dubi mutanen garin nan, sun fi namu tsayi!” Da muka shiga lungun ƙarshe kika sauke gilashi, kika ja numfashi, kika ce ko iskar nan daban ce. Ni ma na shaƙa na ce lallai daban ce. Yanzu na gane hayaƙin gasa naman mai shagon bayan haikalinmu ne, ta ɗaya gefen.

Aka tarbe mu a ƙofar katako mai sassaƙa. Aka haɗa mana tafuka a ƙirji, aka rataya mana furanni, aka ba mu tawul mai sanyi wanda ban san abin yi da shi ba na sa a aljihu. Aka kawo wani shuɗin ruwa a kofin gilashi, kika kurɓa a hankali kika ce ba ki taɓa shan irinsa ba, alhali furen da ake yin sa da shi ne ya cinye mana shingen gida. Ban taɓa ganinki da kyau irin na wannan sa’a ba, Lamduan. Kin miƙe wuya kamar balbela, kina taka darduma kamar a kanta aka haife ki. Da aka shigar da mu ɗaki kika zauna a bakin gado, ya lotsa, ya dawo da ke, kika yi dariya kika sake gwadawa. Sai kika matso kika raɗa mini maganar da har yanzu take cin raina: “Shekara hamsin da takwas a ɗaki ɗaya. Yau zan kwana a inda ba wanda ya san sunana.”

Sai ga Uwargida Orasa, manajar wurin, ’yar arewa wadda ba ta taɓa ganinmu kusa da kusa ba, ta nufi labule tana murmushi. Da ma ƙafarta ta harɗe da darduma! Da ma wuta ta ɗauke, ko ƙasa ta girgiza, ko wani ya kira ta a waya! Ta kama igiyar ta ce, “Baba da Mama, kun yi sa’a, wannan ne ɗakin da baƙi ke rububi a kansa. Sai dai ku yi haƙuri, yau kallon a rufe yake. Akwai wasu tsofaffi biyu a tsallake, miji da mata, kullum da safe sai sun yi faɗa a baranda, matar da ludayi a hannu. Daga ƙasashe ake zuwa ganinsu. Shekara biyu ba su taɓa fashi ba, sai yau muka wayi gari sun kulle gida sun yi tafiya. Baƙi sai ƙorafi suke.” Ta ja labulen. Ga rafi, ga shingenmu da shuɗin furensa, ga kyanwarmu tana lasar ƙafa a kan matakala, ga bokitai goma sha ɗaya a kife, ga baƙin wandona mai faci a gwiwa yana lilo a kan igiya, wanda kika ce in kwashe na manta.

Ba ki yi ihu ba, kuma wannan ne ya tsorata ni. Kin dubi Orasa kika ce, “Ƙarfe nawa suke faɗan?” Ta ce, “Bakwai daidai, Mama, ba sa latti.” Kika ce, “Wa ke yin nasara?” Ta ce, “Matar mana, kullum.” Kika gyaɗa kai, kika ɗauki sabuwar jakarki, kika sauka ta matakalar ruwa, kika ɗaga wa Iya Riam hannu. Ta tuƙo tana washe baki tana cewa, “A’a, har kun dawo? Ina jatan landena?” Tuƙi goma ta sauke ki a gida. Tafiyar da ta ci mana awa uku da cikina gaba ɗaya, kin maido ta kafin taliya ta dahu. Baƙi suka firfito baranda suna tafi, don kallo ya dawo. Kika hau, kika janye matakala sama, kika juyo kika aiko mini da muryar nan taki ta kan ruwa: “Jibi da safe zan tafi wurin ƙanwata Malai a lardin Nan. Can in mutum ya buɗe taga dutse yake gani, ba wandon mijinsa ba. Kai ka zauna ka ci kyautarka.” Daga nan kika rataya babbar tabarma kika rufe baranda, kika kwashe komai na kan igiya, kika bar wandona shi kaɗai.

To ga ni ina cin kyautar, furen zuciyata, kuma ban taɓa shan wahala irin wannan ba. An cika mini baho da ruwa an watsa furanni a kai. Ni da ruwa ke wucewa a ƙarƙashin gadona tun ranar da aka haife ni, yau an tara mini kaɗan a kwano an ce in ji daɗi! An kawo mini takarda in zaɓi irin matashin kai da nake so, guda shida, na zaɓi na farko don kada in ɓata wa sauran rai. An naɗe tawul an yi giwa da shi a kan gado, har da idanu, na kasa warware shi, da rigata na goge jiki. Shi ne abokin hirata yanzu, kuma ya fi ki haƙurin sauraro, amma ba ya mayar da magana, me zan yi da wanda ba ya mayar da magana? Gadon kuwa ba ya motsi ko kaɗan. Babu ruwa mai lasar ginshiƙi, babu jirgi mai wucewa ya girgiza kwanuka, sai na sauko na shimfiɗa rigar wanka a ƙasa. A wurin cin abinci aka kawo mini faranti mai faɗin murfin randa, da taliya loma uku a tsakiya, aka ce girkin gargajiya ne na musamman. Loma ɗaya na gane hannun Iya Riam. Ta ƙofar ruwa suke saye, su ɗora ganye ɗaya a kai.

Kuma asirina ya tonu. Da Orasa ta gane ko su wane ne mu, sai da ta dafa bango, ta yi ta haɗa tafuka tana ba da haƙuri, ta aiko mini da kwandon ’ya’yan itace har biyu. Akwai wani dogon Bajamushe a ɗaki na takwas, zuwansa uku ke nan saboda mu. Ya kama hannuna da hannu biyu idonsa ya ciko da ƙwalla. Harshenmu bai iya komai a ciki ba sai jimla ɗaya, ya gyara tsayuwa ya faɗa mini ita da muryarki sak: “Ina ka kai mini ludayi, tsohon kunkuru?” Ashe da ita yake gaida masu shara da masu tasi, yana zaton gaisuwar safe ce ta mutanen ruwa. Na so in yi fushi, Lamduan, amma kewarki ta yi mini yawa, sai na roƙe shi ya maimaita.

Yanzu ki bar ni in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban rubuta komai ba tun barina makaranta.

Yau da safe na zauna a kujerar baranda, wadda baƙi ke zama. Duk barandun sun cika, kowa da kofin shayinsa, an yi tsit. Ruwa ya ciko har bakin katako. Limamin haikali ya tuƙo ƙaramin kwalekwalensa da mayafinsa ruwan goro, sai gefen tabarma ya ɗaga kika fito da kwanon shinkafa. Kika durƙusa, kika zuba masa, kika sunkuyar da kai ya yi miki addu’a ya wuce. Rana ta sauka a kan furfurarki. Sai agogon haikali ya buga bakwai, na ga kin miƙe, kin ɗauki ludayi, kin juya wajen ƙofar ɗaki kin buɗe baki, don jikinki ya saba. Babu kowa a ƙofar. Kika tsaya haka, baki buɗe, ludayi a sama, tsawon numfashi uku. Sannan kika sauke hannu a hankali, kika goge ludayin da bakin zane ko da yake ba abin da ya taɓa, kika koma bayan tabarma. Babu wanda ya yi tafi. Ni kuwa na rufe fuska da tawul ɗin aljihuna na yi kuka kamar ɗan akuyar da aka raba da uwarsa, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Kin san inda kujerar nan take? Sai da na share ido na dubi ginshiƙai sannan na gane. Kafin a shafa wa gidan nan fenti a rataya masa fitilu, rumbun shinkafar tsoho Heng ne, kuma daidai inda nake zaune ne ƙofar lodi take. Nan na tsaya shekara talatin da shida da suka wuce, saurayi mai ƙashin wuya, da buhu a kafaɗa, na hango wata yarinya a tsallake tana wanke tukunya a matakalar gidan ubanta, tana yi wa tukunyar faɗa don ta ƙi fita. Buhun ya zame ya faɗa rafi. Tsoho Heng ya bi ni da sanda, tarwaɗun unguwa suka yi ƙiba a wannan shekarar, ke kuma kika ɗago kai kika ce, “Wanda bai iya riƙe buhu ba, me zai iya riƙewa?” Tun daga ranar ban sake zama mutum mai hankali ba. Wata uku ina lodi da ido ɗaya a tsallake. Ranar da kika yarda kika shiga kwalekwalena, a ƙarƙashin gadar katako, na kama hannunki na ce in kika aure ni zan kai ki nesa, inda ba ki taɓa gani ba, inda za a kawo miki abinci kina zaune. Kika ce, “Yaushe?” Na ce bayan damina.

Damina talatin da shida ta wuce, Lamduan. Na haye ruwan nan sau ɗaya, na shiga gidan ubanki, na zauna. Ban kai ki ko’ina ba. Shekarar da aka haifi ’yarmu na ce sai ta yi wayo, da ta yi wayo na ce sai injin jirgi ya gyaru, da ya gyaru na ce sai ruwa ya janye. Kin ɗauka rowa ce ko lalaci, kuma na bar ki a haka don sun fi gaskiyar daɗin ji. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Tsoron tudu nake, inda ƙasa ba ta motsi, inda ban san gaba da baya ba, inda ba wanda zai ɗaga hannu ya ce ga Sanit nan. A kan ruwa ni wani ne. A kan titi kuwa tsoho ne kawai mai amai a tasi, kuma ban so ki gan ni haka ba.

Kuma na san abin da ya kore ki daga ɗakin nan. Ba maganar Orasa ba ce, don ke ba mai jin kunyar faɗanki ba ce, da a ce za a ba ki lasifika da kin karɓa. Fuskata ce. Lokacin da aka ja labule na ga shingenmu da kyanwarmu, kafin hankalina ya dawo, murmushi ya suɓuce mini. Daɗi na ji, na ga gida! Na yi saurin haɗiye shi amma kin riga kin gani, don ba abin da ke wuce idonki. Ke mafarkinki na shekara hamsin da takwas yana rushewa, ni kuwa ina murna an dawo da ni inda na fi wayo. Wannan ne laifina, ba takardar ba, ba direban ba. Na amsa shi duka, ki yafe mini in kina iyawa.

Ba zan roƙe ki ki dawo ɗakin nan ba, ko da saura kwana ɗaya, ko da an ce da yamma za a zo a matsa mana jiki da man kwakwa. Me za ki gani a nan in ba tabarmarki ba? Roƙona ɗaya ne: ki tafi lardin Nan gobe, amma ki tafi da ni. Na tambaya, an ce awa goma ce a mota, rabinta hawa da gangara da kwana-kwana. Na ji, kuma na yarda. Ki ɗauko mini bokiti ɗaya cikin sha ɗayan nan, yau dai amfaninsu ya zo, zan rungume shi tun daga tasha har ƙofar gidan ƙanwarki. In Malai ba ta da wurin kwana biyu, ki ce mata ni kayanki ne, a jingine ni bayan ƙofa tare da jaka. Ina so in ga fuskarki lokacin da za ki buɗe taga ki ga dutse. Ina so in ga kin sa rigar sanyin nan a inda ake sanyi da gaske. In ya so ki yi mini faɗa a can, a gaban duwatsu, su ma su ji abin da Turawa ke ƙetare teku su zo ji.

In mun dawo, in kin yarda mu dawo, na riga na yi shawara. Za mu mayar da faɗanmu ƙarfe shida, kafin baƙi su tashi. Na lura ba sa iya tashi da wuri. Namu ne, ba na kowa ba, kuma duk safiya kafin a fara zan ɗauki kwalekwale in ja baya zuwa tsakiyar rafi in dube ki daga nesa, don na gano shekara talatin da shida ina kusa da ke har na daina ganinki.

Gobe ƙarfe bakwai zan tsaya a matakalar ruwa ta otal da jakata. Jirgina yana ɗaure a ƙarƙashin gidanki, kin fi ni iya tayar da injinsa in ya yi gardama. In kika kwance shi kika tsallako, zan shiga in zauna a inda fasinja ke zama, ba zan ce uffan a kan tuƙinki ba. In kuma kika wuce ni kika nufi tasha ke kaɗai, ba zan yi miki ihu ba. Zan shiga tasi, in sake yin awa ukun nan, in bi ki.

Tsaya, hadari ya haɗo ta wajen babban kogi tun ina rubuta zancen bokiti, ga shi iska ta fara kaɗa tabarmarki. Wandona yana ta harbin iska shi kaɗai a kan igiya, duk baranda an zuba masa ido, Bajamushe ya kama ƙarfen baranda kamar ɗansa ne a can. Ga ɗigon farko a kan takardata, shi ne tabon da za ki gani a nan gefe. Lamduan! Hannu ya fito ta gefen tabarma. Na ga farin zaren da liman ya ɗaura miki, ba ki tsinke shi ba. Hannun ya laluba igiya, ya fizge wandon da ƙarfi kamar mai cire kaska, ya shige da shi ciki. Barandu sun ɓarke da tafi, Orasa tana share ido da hannun riga.

Ni ban yi tafi ba. Na san ki. Ba yafewa kika yi ba, ba ki ma karanta takardar nan ba tukuna, ba kya iya ganin ruwa yana dukan wanki ne kawai, ko na maƙiyinki ne. Amma wandon yana cikin gida yanzu, a bushe, kuma duk inda wandon mutum ya shiga akwai ranar da mai shi zai bi.

Ga Iya Riam can ta rufe tukunya da leda tana yi mini alama in yi sauri. Naki ne ni, ruwa ya ciko ko ya janye, a kan rafi ko a kan dutse, da jiri ko babu jiri, har ranar da za a ɗora ni a jirgin ƙarshe, kuma ko a ranar ina fata ke ce za ki tsaya a matakala ki ce na yi latti.

Tsohon kunkurunki,
Sanit

Tsohon ludayin da kike nema tun watan jiya yana cikin jirgina, a ƙarƙashin kujerar baya. Da shi nake kwashe ruwa. Ki ajiye wannan faɗan sai mun isa Nan.